Yadda tsoffin injuna suka shigo ƙasarmu, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa

Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da kunnenmu ya saba da shi har mun daina jin ƙararsa, wato injin aiki. Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Caduwa da Agye har Gazawa, zai ji su a bakin titi: injin niƙa yana buga tuf-tuf, mai walda yana zubar da tartsatsi, kafinta yana tsaga katako, mai faci ya tada injin iska. In ka tsaya ka duba da kyau, da yawansu sun girmi yaran da ke aiki da su. Wani an ƙera shi a Jamus, wani a Japan, wani a Ingila, ya gama aikinsa can, sannan ya zo nan ya buɗe sabon shafi. Magana ce mai nauyi, don sau da yawa kuɗin saniya ko na buhunan aya da wake ne ake zubawa cikin inji guda. In ya yi kyau gida ya ci shekaru yana ci daga gare shi, in ya zama mushe jari ya tafi, wani lokaci har da yatsa.

Sayen ƙarfe na hannu ya girmi zuwan inji a ƙasarmu. Kakanninmu maƙera da tama suke aiki, a haƙo ta, a narka, a fitar da ƙarfen da za a ƙera hauya da kwashe da gatari da gizago. Kayan aikinsu zuga-zugi ne da uwar maƙera da masaɓa da awartaki, ƙarfin kuwa na damtse ne. Masassaƙa su fafe turmi da akushi, mata su yi surfe da daka tun asuba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa suka fara kwararowa arewa, sai maƙera suka ga ƙarfen da aka riga aka narka a wata ƙasa ya fi sauƙin samu. Guntun dogo, bazarar mota, tsohuwar ganga, duk suka zama garma da wuƙa da kasko. A hankali narka tama ta mutu, maƙera suka koma masu sayen tsohon ƙarfe. Ke nan idon da ake duba tsohon inji da shi yau, a ƙwanƙwasa a saurari amo, gadon maƙera ne.

Gyaɗa ce ta fara jawo injuna kusa da mu. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sun kafa kantuna da ma'auni a Maraɗi, an buɗe masana'antar matsar man gyaɗa ta Siconiger a 1942, bayan samun mulkin kai kuma gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa. Manyan motoci ke kwasar buhuna daga kasuwannin ƙauyuka, da farko zuwa Kano, daga shekarun 1950 kuma har da hanyar Dahome zuwa Kwatano. Inda mota take dole a samu makaniki, inda makaniki yake kuwa sai an samu yaran da ke wanke masa ƙarfe suna kallon hannunsa. Ilimin fiston da ringi da famfon mai daga waɗannan garejoji ya fito, ya bazu zuwa garuruwan da ke bakin hanya.

Injin da ya fi barin suna a wancan zamani shi ne Lister, wanda mutanenmu ke ce wa Lista. Kamfanin yana garin Dursley a Ingila, an kafa shi a 1867. Wajen 1930 ya fito da wani injin gas mai tukunya ɗaya, mai manyan ƙafafu biyu masu nauyi a gefe, ƙarfin doki shida, yana juyawa sau 650 kacal a minti. Wannan tafiyar hawainiya ita ce sirrin tsawon ransa, don abin da ba ya gudu ba ya saurin cinyewa. Da ganga da ruwa ake sanyaya shi, da hannu ake tada shi, makaniki mai sifana biyar zai kwance shi ya mayar. Ingila ta daina ƙera shi a 1987, amma masana'antun garin Rajkot na Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa, har yau ana samun kayan gyaransa. Injin niƙa irin wannan ya fara zama a manyan garuruwa, daga baya ya shiga ƙauyuka. Mata su ne suka fi kowa sanin abin da ya canza, don awowin da suke ci a bakin turmi sun ragu, masu ƙuli-ƙuli kuma suka samu inda za su kai markaɗe.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noman gyaɗa ya durƙushe. Daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika Najeriya, alhazan Maraɗi suka mai da hankali ga fataucin kan iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. Motar da ta kai kaya Kano ko Katsina ba ta dawowa wayam, tana tafe da siminti da kwano da kayan gyara da injuna. A ƙarshen shekarun 1970 kuma babban shirin raya karkara na jihar Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, ya ƙarfafa noma da shanu da amfani da amalanke. Amalanken ƙarfe ba ta gyaruwa da zuga-zugi kaɗai, sai da walda. Nan ne ƴaƴan maƙera da yawa suka fara neman injin walda, ko sudir kamar yadda wasu ke cewa, da injin huda ƙarfe da na yanka shi.

Farin 1984 ya ƙara wani babi. Gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, fadamun Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba suka samu sabuwar daraja. Da guga da jigo aka fara, amma wanda ya taɓa ganin injin ban ruwa yana cika fangali cikin ƙiftawar ido ba ya sake son guga. Ƙananan injunan Japan irin su Honda da Robin da Yamaha suka fara shigowa, mafi yawa ta Najeriya. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar lokacin sunansa. Kayan gyara suka yi wuya, makanikai suka koyi cire na wannan inji su raya wancan. Daga nan ne mataccen inji ma ya zama kaya mai kuɗi, ba a zubar da shi.

In akwai shekarar da za a ce ta yanke hukunci a wannan tarihi, to 1994 ce. Abu biyu suka faru cikinta. A watan Janairu aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya da ake saye sefa 50 ya koma 100, duk wani sabon kaya daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya. Cikin wannan shekara kuma layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya fara aiki. A Gazawa ya sauka, daga nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Ka ga ke nan kuran ya matso kusa da masu sana'a daidai lokacin da sabon inji ya fi ƙarfin aljihunsu. Maƙwabtanmu na Najeriya tun 1986 suka shiga irin wannan hali, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya naira, don haka kasuwar kayan hannu ta riga ta kafu can. Mu sai muka tarar da hanya a share.

Sunayen da muke kiran kayan su ma tarihi ne. Ana cewa ɗan Beljiyam, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam na cikin manyan wuraren da ake loda tsoffin motoci da kaya zuwa Afirka ta Yamma. Ana cewa ɗan Kwatano, saboda tashar da ya sauka. Wanda ya yi lakwal ya ce okaziyo, wani ya ce gwanjo, wani ya ce na hannu. Kwantena ta sauka Legas ko Kwatano ko Lome, sau da yawa a cusa ƙananan injuna cikin tsoffin motocin da ake shigowa da su, dillalai su rarraba. Wani kaso ya hau zuwa Kano, ya zauna Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, daga can ya biyo Katsina ya shigo Maraɗi, sannan ranar kasuwa ya isa Caduwa ko Cadakwari ko Gangara a bayan mota. Kowane hannu ya taɓa shi sai ya ɗora ribarsa, kuma a kowane zango akwai wanda ya tsince masu kyau kafin saura su wuce. Wannan ya sa mai saye a ƙarshen hanya ya fi kowa bukatar ido.

Su kansu injunan suna da asali. Kamfanin Fein na garin Stuttgart a Jamus ya ƙera injin huda na lantarki da ake riƙewa a hannu a 1895. Black & Decker na Amurka ya yi rajistar mai mariƙi irin na bindiga a 1917, siffar da har yau ba ta canza ba. Bosch an kafa shi a 1886, Stihl mai zarton sare itace a 1926. Makita na Japan kuwa a 1915 ya fara, kuma da gyaran motocin lantarki ya fara, sai a 1958 ya fitar da injinsa na gyara fuskar katako. Abin da ya sa Turawa ke rabuwa da su alhali suna da sauran rai shi ne, can ladan mai gyara na awa guda kan kai kuɗin sabon ƙaramin inji, dokokin kiyaye lafiyar ma'aikata suna canzawa, ga kuma masu batir sun shigo sun ture masu waya. Amma fa ba duk abin da ke cikin kwantena ne mai rai ba. Wani bincike da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan dubu 60 na tsoffin kayan lantarki a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Bamako da ta hana shigo da shara mai guba, sai dai sharar da aka rubuta mata kayan hannu a takarda tana wucewa.

Daga shekarun 2000 kayan Sin suka shigo da arha. Injin gas mai tukunya ɗaya na Sin ya karɓe wurin Lista a injunan niƙa da yawa, ƙaramin janareto, ko gurup, ya shiga shagon aski da na cajin waya. Alherinsu ba ya ɓoyuwa, don sun sa talaka ya mallaki inji sabo fil. Amma masu sana'a suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su haɗu ba. Masu son tsoho suna cewa wayar cikinsa jan ƙarfe ce zalla, tana jure zafi, in ta ƙone a sake naɗa ta, haƙoransa ƙarfe ne, an yi shi don a kwance a gyara. Wasu sababbin masu arha kuwa da wayar alminiyam aka naɗa su, ba su jure dogon aiki. Masu son sabo su ce kayan gyaransa na nan a kowace kasuwa, ba ya shan mai kamar tsoho, kuma ba ka gaji wahalar da wani ya ba shi ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in zuma ce. Da sunan tsoho ya yi daraja, sai ga jabu: gangar jiki ta Jamus, ciki na wani wuri, ko sabon fenti da lambar da aka manna jiya.

Shekarar 2023 ta tuna mana cewa inji ba ya rayuwa shi kaɗai. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta cire tallafin fetur, man ƴan ruwa-ruwa da manoman rani suka dogara da shi ya tashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Masu walda da kafintoci suka zauna jiran kuran, wasu suka koma aikin dare, tsoffin injunan gas da aka jingine a lungu aka kakkaɓe su. Hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta yi nisa, kuɗi ya ƙaru. Ko a lokacin lafiya ma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Don haka tambayar farko kafin a sayi inji ita ce me zai ci, kuma daga ina abincin zai fito.

To, me wannan tarihi ke koya wa wanda zai kai kuɗinsa kasuwa gobe? Na farko, a karanta ɗan farantin da ke jikin inji. Wutarmu bolt 220 ce. Kayan Amurka na 110 zuwa 120 ne, na cikin gidan Japan na 100, har a Ingila ma injunan da ake aiki da su a wuraren gini na 110 ne, galibi da filogi ruwan ɗorawa. In aka soka irin waɗannan a wutarmu kai tsaye, ƙonewa za su yi nan take, sai da taransifoma. Manyan injunan kafinta da yawa kuma na layi uku ne, bolt 380, wanda ba kowane shago ke da shi ba. In da gurup za a yi aiki, a tuna motar lantarki tana jan wuta ninki da yawa lokacin tashi, gurup ɗin da ya yi daidai da lambar da ke rubuce zai iya kasa tada ta.

Na biyu, kada a yarda da ƙarar inji a wofi. A sa shi aiki a gaban mai sayarwa, ya huda ƙarfe, ya yanka katako, ya jawo ruwa, ya ɗauki mintuna har ya yi zafi. A leƙa ta ramukan iska, ɗan tartsatsi wajen gawayin da masu gyara ke kira sharbon ba laifi ba ne, amma wuta mai zagaye da warin ƙuna alamar waya ta tafi. A girgiza sandar da ke juyawa, in tana wasa boris ya ci. Injin mai kuwa a zo masa da sanyin safiya, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A duba hayaƙi, a duba ko ruwa ya gauraya da baƙin mai. Tsohon inji mai batir sai a yi hattara, sau da yawa batirin ya mutu kuma irinsa ya bar kasuwa. Kafin a biya, a tambayi makanikin garinku ko ana samun kayan gyaransa a Maraɗi ko Katsina. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata ya san girman ramukan.

Na uku shi ne rai da lafiya. Tsoffin injuna masu jikin ƙarfe suna bukatar waya ta uku mai shiga ƙasa. Da yawa cikin shagunanmu waya biyu ce tsirara a soke cikin soket, ranar da wayar ciki ta goge ta taɓa jiki, mai riƙe da shi ne zai zama hanyar wuta, balle da damina ƙafa a ƙasa mai laima. Wanda aka yi wa rufi biyu yana da alama a farantinsa, ƙaramin murabba'i cikin babba. Injin yankan ƙarfe ƙarami yana juyawa wajen sau dubu 11 a minti, babban faifai mai faɗin milimita 230 kuwa iyakarsa wajen 6,600 ce. Wanda ya cire murfi don ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji ya ɗaura abin da zai iya tarwatsewa a fuskarsa. Faifan ma yana da wa'adi, ana buga shi a zoben tsakiya. Gurup kuma ba ya kwana cikin ɗaki, hayaƙinsa yana da iskar da ba ta wari, tana kisa cikin barci. Masu injin niƙa su tsare bel da shinge, don mata da yara ne ke tsayawa kusa da shi da mayafi da zane, kuma bayan an wasa haƙoran niƙa a fara wuce dusa kafin a zuba hatsin mutane, garin ƙarfe ya fita.

Na huɗu, asalin kaya. Kowa ya san halin da yankin iyaka yake ciki, musamman ɓangaren Gidan Rumji, inda tun 2019 ƴan gudun hijira daga Najeriya suke samun mafaka saboda ɓarayin daji. A irin wannan lokaci injin ban ruwa ko gurup da aka kawo da dare a rabin kuɗi abin tsoro ne, wataƙila hawayen wani manomi ne. Tsarin da iyayenmu suka bari a kasuwar dabbobi ya isa misali: dillali sananne, shaidu, la'ada a fili. A ƙara da takarda mai ɗauke da lambar inji da sunan mai sayarwa.

Yanzu faifan hasken rana ya fara shiga fadamu, kuma shi ma tuni na hannu ya bayyana a kasuwa, tarihin yana sake maimaita kansa da sabon kaya. Abin da ya riƙe mu tun zamanin guntun dogo har yau shi ne masu gyara, mai naɗin waya da makaniki da maƙerin da ke ƙera abin da babu a kanti. Ƙungiyoyin masu sana'a na Agye da Gazawa da Gidan Rumji za su iya ware rumfa guda ranar kasuwa, mai wuta da ma'aunin lantarki, inda mai saye zai gwada inji a biya ɗan abu kaɗan. Iyayen da ke kai yara koyon sana'a su tambayi maigidan shago tabarau da takalmi kamar yadda suke tambayar abincin rana. Matasa kuma ku zauna da dattawan garinku, akwai waɗanda suka ga ranar da injin niƙa ya fara kuka a unguwa, sun san wanda ya kawo shi da hanyar da ya biyo. Ku ɗauki muryarsu a waya tun suna nan. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.